Shirun Injiniya Vidosav

Duk garin Nish na ƙasar Sabiya babu kunne irin na Vidosav, shi ma kansa ya sha faɗin haka. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, amma tun da ya yi ritaya ya haɗa amfilifaya, wato na'urar ƙara sautin kiɗa, da hannunsa, mai ƙwayayen gilashi irin na tsohuwar rediyo, ya daina amsa kira sai an ce Injiniya. Mu 'yan ƙungiyar masu sauraron faifai Sarkin Kunne muke ce masa, a bayan idonsa.

Abin kuwa ya yi kyau, sai dai yana gurnani. Da an kunna, taransifomar da ke cikinsa ta fara ƙugi kamar ƙudan zuma ya shiga tulu. Ga shi ranar Asabar za mu je gidansa mu saurara, mu zaɓi shugaban ƙungiya tsakaninsa da Tihomir, abokin hamayyarsa mai taƙama da nasa amfilifayan.

"Laifin wutar garin nan ne," in ji shi. "Wuta ce marar tarbiyya."

Ya juya taransifoma gabas, ya juya ta yamma. Ya ɗaure kusoshi, ya sa mata roba a ƙasa. Ya zargi injin wankin maƙwabta, har suka daina gaisawa. Daga nan ya cire firizar matarsa Radojka daga soket ɗaya tilo da ke falon, wai ita ke lalata wuta, alhali naman hunturu duka yana ciki. Ƙarshe ya ɗauko dutsen da take danne kabeji a ganga, ya ɗora wa taransifomar a ka.

Asabar muka hallara, aka ba mu kofi da barasar nan tasu ta gida da ake kira rakiya. Al'adarmu, kafin a sa faifai, sai kowa ya rufe ido a saurari na'urar babu kiɗa, domin a nan ake gane aikin gwani. Muka rufe ido, Vidosav ya danna maɓalli.

Tsit. Ko ɗan zuu babu. Gaskiya ni kaina sai da hassada ta kama ni.

"Kun ji?" ya ce cikin raɗa. "Wannan ba shirun talaka ba ne. Shiru ne mai zurfi, mai faɗi. Tihomir, naka yana iya irin wannan? Sirrin yana cikin dutsen, amma ba kowane kai ne zai ɗauka ba."

Ya daɗe yana yi mana bayanin shirun, har ya ce yana jin ɗuminsa a ƙirji. Tihomir ne ya fara buɗe ido ɗaya.

"Injiniya, ƙwayayen naka kunya suke ji? Ban ga sun kama ba."

Sai Radojka ta leƙo daga kicin, tana goge hannu.

"Au, wannan? Tun safe na zare igiyarsa na mayar da firiza, nama ya fara zubar da ruwa. In kun gama saurare, a ba ni dutsena."