Gudun da Ya Tashi Ƙauyenmu

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na tashi ƙauyenmu kaf da gudu ba, alhali ko akuya ba ta biyo ni ba.

Shekarar da komai ya yi tsada ce, har ƙwayar hawan jinina ta fara gagarata. Ni tela ne, wuni nake a kan keke, tumbi kuwa kullum ƙara gaba yake. Jami'in lafiya a Ɗanbatta ya ce in na dage da motsa jiki, wataƙila nan gaba a rage mini magani. (Tafiya ya ce. Ni na ƙara wa kaina gudu, a ganina zai fi saurin biya.) A mota na yi ta lissafin abin da zan huta kashewa, kuɗin ƙwaya da na awo da na zirga-zirga. Kafin mu iso gida har na sayi tunkiya a zuci da rarar.

Washegari ana idar da sallar asuba na naɗe wando, na kama hanyar da ta ratsa gonaki zuwa filin firamare. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne, a wurinmu magidanci ba ya gudu haka kawai. Ga gero ya yi tsayi, ba mai ganin abin da ke bayana, ga labarin ɓarayin shanu a bakin kowa.

Wata mata mai dawowa daga rijiya ce ta fara ganina na faso daga cikin gero ina haki. Ta saki tulu ta kwarma ihu. Masu tafiya gona suka rufa mini baya da fartanyu. Ni kuwa da na ji ihu da ƙafafu a bayana sai na tsorata da gaske, na ƙara wuta.

A filin makaranta numfashina ya ƙare, na zube. Mai unguwa, dattijo sa'an mahaifina, ya iso da gora, takalmi ƙafa ɗaya.

"Su nawa ne? Ta ina suka ɓullo?"

"Ranka ya daɗe, motsa jiki nake."

Aka fashe da dariya. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Tulun baiwar Allah ma ni na biya, ban tara komai ba na fara da asara.

Bayan dariyar gari ta lafa, mai unguwa ya zo shago wai gyaran riga. Ya rage murya ya tambaye ni ko da gaske abin yana taimakawa, don shi ma tsallake kwana yake da tasa ƙwayar saboda tsada. Tausayinsa ya kama ni. Na ce ya koma asibiti tukuna, sannan mu riƙa fita tare.

Yanzu mu da wasu dattawa muke zagaya filin, a hankali, muna gaisawa da kowa. Ban daina shan magani ba, amma an rage mini, kuma na ji daɗi ƙwarai.

Darasin dai, in za ka tattala lafiya a ƙauye, yi tafiyarka. In kuwa gudun ya zama dole, fara sanarwa a masallaci.