Rasuwar Mai Gurnani, Gitar da Ɗiyata Ke Ji da Haƙori

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Huguette, matar Markus makaɗin majami'armu ta nan Dogon Dutsi, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da mawaƙan majami'a, maza da mata, rasuwar Mai Gurnani, gitar bas ta gidanmu, wadda ta cika ranar Talata da la'asar, ranar da ruwan farko ya sauka.

Ina roƙon masu kai labari su kai shi daidai. Bas ta kaɗawa ce ta mutu, babbar gitar nan mai kaurin murya, ba bas ta hawa ba. Goggon Markus ta bugo waya daga Tibiri tana kuka, tana tambayar mutum nawa ne a ciki. Goggo, ba kowa a ciki. Amma saura ƙiris ta tafi da mutum ɗaya, kuma abin da ya zaunar da ni rubutun nan ke nan.

Marigayiya ba tsintuwa ba ce, zaɓaɓɓiya ce. Kafin ta zo, Markus ya cinye damina da rani yana zaɓe. Wane irin itace, wuya siriri ko mai faɗi, tsirkiya huɗu ko biyar, duk sai da na haddace ba da sona ba, don da su ake cin tuwo a gidan nan. Ya ce makaɗin gari irin namu ba ya da halin ajiye ta majami'a dabam, ta biki dabam. Guda ɗaya yake so wadda za ta shiga ko'ina ba a ji kunya ba. Ya tafi Yamai, ya yi ta gwadawa har mai kanti ya gaji ya bar masa kujera. Da ya dawo, ita ce a kujerar gaba ta mota, shi a baya an matse shi da buhun albasa.

Doguwa ce, mai launin zuma, ga nauyi kamar yaron da aka yaye. Tana da ladabi. Ranar Lahadi takan tsaya bayan mawaƙa ba ta neman a gan ta, dum... dum... dum, kamar dattijuwa tana gyaɗa kai. A murɗa mata maɓalli ɗaya wurin biki, sai ta koma tau! tau! tana tsokanar kalangu. Wurin jana'iza kuwa numfashi kawai take ja, huuum, sai ka ji ƙirjinka ya amsa. Ta je Dumega, ta je Dogon Kiriya a kan amalanke lulluɓe da zanena, ba ta taɓa cewa ta gaji ba.

Duk wannan alherinta ne ga jama'a. Wanda ta yi mini, ba wanda zai iya biya.

Ɗiyarmu Sylvie ba ta ji, da haka aka haife ta. Mun tafa, mun buga murfin tukunya a bayanta, an yi tsawa har awaki sun watse, ita ko waiwaye. Wata rana, tana koyon tsayuwa, ta dafa gwiwar babanta yana kaɗawa, ta kai baki ta ciji kan gitar, wajen kunnuwan ƙarfen nan da ake ɗaure tsirkiya, yadda yara masu haƙori kan ciji duk abin da suka samu. Markus ya ja tsirkiya mai kauri. Yarinyar ta zare ido. Ya sake ja. Ta saki, ta dube shi, ta kwashe da dariya, ta sake cizo. Wata ma'aikaciyar asibiti ta ce mana sauti yana bin ƙashi ya kai inda kunne ya kasa. Ni dai abin da na sani, da haƙori ɗiyata ta fara jin mahaifinta. Tun daga ranar, duk yamma sai ta zo ta kafa bakinta, ya kaɗa mata waƙar da za a yi ranar Lahadi, tana lilo da kai.

Ciwon ajalin marigayiya ya daɗe a jikinta, kuma a gabanmu ya shiga. Ampilinta, wato akwatin da ke ɗaga mata murya, daga Kamba aka sayo shi, tsallaken iyaka. Kan wayarsa mai ƙafa uku ne irin na Nijeriya, bangonmu kuwa rami biyu gare shi. Markus da abokansa suka yi abin da kowa ke yi a garin nan: suka yanke kan, suka cusa waya biyu tsirara cikin bango, suka tokare da tsinken ashana. Ta ukun suka naɗe ta baya, wai ba ta aikin komi. Tun daga nan Mai Gurnani ta fara magana ita kaɗai, zzzz, ko ba a taɓa ta ba. Wani lokaci ta ɗan mintsini yatsa. Na yi magana. Markus ya ce, "Maman Sylvie, gaisuwa ce take yi miki." Kakarsa da ta zo daga ƙauye ta saurara, ta ja da baya, ta ce aljana doguwa ce ta shige ta, a yi turare, a nemo farar akuya. Muka yi mata dariya. Tsohuwa, ki gafarce mu. Ke kin ji tsoro, mu ko tsoron ba mu ji ba.

Ranar Talata hadari ya taso Markus na cikin gwaji. Ya jingina marigayiya da kujera, da wuta a jikinta, ya fita da gudu ya kwance awaki. Ni ina rumfa ina daka. Sylvie ta yi wasa cikin ruwa, ta shiga ɗaki jiƙe, ba takalmi, a kan siminti. Ban ga shigarta ba. Muryar marigayiya na ji ta canza, zzzz ɗin nan ya yi kauri, ya zama wani gurnani da ban taɓa ji ba. Na leƙa. Ɗiyata tana tsaye, bakinta a kan ƙarfen, jikinta ya sandare, yatsunta sun ƙage, idonta a kaina. Ba ta yi kuka ba. Ba ta iya sakewa ba.

Taɓarya ce a hannuna, busasshiya. Na ɗaga na sauke a wuyan Mai Gurnani da duk ƙarfin da Allah ya ba ni. Ta ce ƙwas, sai twaaan, tsirkiyoyi suka watse. Wannan ce maganarta ta ƙarshe. Sylvie ta zube.

A nan nake miƙa godiya ga maƙwabcinmu Malam Mus'ab mai kantin shinkafa. Kowa ya sani shi ba ya sauraron kiɗa, da Markus ya fara yakan rufe tagarsa. Shi ne ya ji ihuna, ya fito cikin ruwa ƙafa ba takalmi, ya tada babur. "Madam, rungume ta, hau! Bar kukan sai mun kai asibiti!" Allah ya saka masa. Yarinyar ta farfaɗo. Leɓenta ya ƙone, harshenta ya kumbura, kunu take sha da cokali. Likita ya daɗe yana sauraron ƙirjinta, sannan ya ce in gode wa taɓarya. Wannan dogon sauraron nasa shi ke tada ni har yau. Ina tsakiyar wanki sai in tashi in je in ɗora tafin hannu a ƙirjinta.

Marigayiya ta rasu ta bar maigidanta Markus, wanda ke zama da karyayyen wuyanta a cinya yana haɗa ɓangarorin kamar za su kama. Bai zarge ni ba, ban kuma ba shi haƙuri ba. Ta bar baƙar jakarta rataye a ƙusa. Ta bar ganguna da piyano na majami'a, waɗanda ranar Lahadi suka fito kamar tuwo ba miya. Ta bar ampili, mai laifin, yana nan da ransa a kusurwar ɗaki. Ta kuma bar Sylvie. Da yamma ta yi, sai ta ciji bakin tebur ta jira. Ta ciji ƙofa ta jira. Ta je ta ciji gwiwar babanta, ta ɗaga ido tana dubansa. Mutumin nan yakan tashi ya fita waje.

Maganar magajiya ta taso tun kafin a share makoki. Markus ya koma zaɓe, kansa cikin wayar hannu. Wannan karon mai tsirkiya biyar yake so, mai batir a cikinta, wadda ke iya muryar kowace gita. "Dubi wagga, Maman Sylvie. Ta fi waccan sauka ƙasa. Yarinyar ga har cikin cikinta za ta ji ta." Mawaƙa sun ce za su taimaka. Jama'a, ba na ƙi. Na fi kowa so, don ni ke kallon bakin nan yana neman abin cizo. Tambaya ɗaya na yi masa: daga wane rami za ta sha wuta? Ya ce in ta iso a gani. Wayoyin nan biyu suna nan a bango, da ashanarsu. Ranar da sabuwa ta shigo, murna za ta hana kowa jira, za a ce a ɗan gwada kawai. Sylvie kuma ba ta san abin da ya cije ta ba. Da ta gan ta za ta nufe ta da baki buɗe, kuma ba ta jin "bari".

Don haka ga yadda jana'iza za ta kasance.

Ranar Asabar da hantsi, a gidanmu. Gangar jikin marigayiya ba za a binne ta ba, Markus zai rataye ta inda yake so. Ampili za a ɗauke shi a kai shagon Abdulwahabu mai gyaran wuta, a buɗe cikinsa, ba zai dawo ba sai da kansa mai ƙafa uku da raminsa a bango. Kabari kuwa za a haƙa shi, a bayan ɗaki, mai zurfi. Abin da za a sa a ciki sandar ƙarfe ce doguwa, a ɗaure mata wayar nan ta uku da aka ce ba ta aikin komi, domin wutar da ta ɓata hanya ta bi ta nan ta shige ƙasa, ba ta bakin ɗiyata ba. Abdulwahabu ya ce ƙasarmu rairayi ce busasshiya, sai an cika ramin da gawayi da gishiri. Saboda haka masu zuwa ta'aziyya kada su wahalar da kansu da goro ko dabino. Mata su zo da gishiri, ko ƙoƙo ɗaya ne. Maza su zo da gawayi da diga da shebur. Shayar da kabarin ni na ɗauka, duk ruwan wankina can zai tafi.

Sara na farko na Markus ne, ba wanda zai karɓar masa. Baban Sylvie, a gaban jama'a nake faɗa, don na faɗa a ɗaki ba a ji ba. In an rufe ramin nan, zaɓi wadda ranka ke so, mai tsirkiya biyar ko goma, ni da kaina zan ɗaga yarinyar in kai bakinta. In kuwa Asabar ta wuce ba a haƙa ba, masu gaisuwa su same mu ni da Sylvie a gidan babana a Dumega, inda ba wuta a bango.

Allah ya ji ƙan Mai Gurnani. Allah ya tsare mana masu rai.