Yadda Na Horar da Birki a Titin Mai Girma

Jiya saura ƙiris motata ta kwana a hannun masu gadi, laifina kuwa bin shawarar bakanike. Har yanzu ban gama yanke wa kaina hukunci ba, shi ya sa na kawo muku ƙarar.

Birkin motar ya daɗe yana kuka, ga shi washegari da safe, wato yau, zan kai tsohuwata asibitin ido, hanyar kuma gangare ce. Sai na kai motar wurin Sifana, bakaniken layinmu, ya sa sabo. Da zan tafi ya riƙe ƙofa ya ce, "Malam, ba a gama ba fa. Sabon birki bai san faifan ƙarfen da zai kama ba, sai sun saba. Ka nemi titi miƙaƙƙe sumul, ka ɗan ba ta wuta, ka taka a hankali har ta kusa tsayawa, ka saki. Ka yi ta maimaitawa. Amma kada ka tsaya cak da ƙafarka a kai yana da zafi, zai bar tabo a faifan, sitiyari ya riƙa rawa. In ka gama ka yi tafiya ya huce."

Maƙwabcina tela ya ce ɓarnar mai ce kawai, bayan wahalar layin gidan mai da na sha. "Ni tunda nake ban taɓa horar da birki ba." Na ce, "Maƙwabci, ai keke gare ka." Ya ce ko tirela ce, ramukan garin nan sun isa su tsayar da ita.

Ni maganar ta tsaya min a rai. Abin da aka ƙera don tsayawa kaɗai, shi ma sai an koya masa tsayawa. To ina ga mutumin da aka ba kujera yau, gobe aka haɗa masa da jiniya?

Titi sumul ɗaya ne a garin: wanda ya tashi daga ƙofar gidan Mai Girma Shugaban Kwamitin Nazarin Ramuka ya ƙare a ofishinsa. Allah ya saka masa, bai yarda a gwada kwalta a kan talaka ba sai da aka fara gwada ta a kansa.

Can na je. In ba ta wuta, in taka, in saki. Ban lura ba ashe duk rage gudun a saitin ƙofar gidan nake yi. Sai ga wani mai gadi ƙato ya shigo titi ya ɗaga hannu. Jama'a, ku auna min. In na tsaya, na lalata birkin da zai sauko da tsohuwa gangare. In na wuce, na raina hukuma. Na zaɓi tsakiya, na bar motar tana rarrafe, shi kuma yana bin taga da sassarfa.

"Kai, tsaya!"

"Yallaɓai, tsayawar nake yi, ƙarasawa ce aka hana ni."

"Uban wa ya hana ka?"

"Bakanike, ranka ya daɗe."

Ya fizge ƙofa ya faɗo kujerar gaba yana haki, hannunsa a kan makulli. "Leƙen asiri kake mana. Motar nan a nan za ta kwana." Ga shi wata da watanni tsohuwa ke jiran ganin likitan nan. Na zayyane masa karatun Sifana kaf, muna tafe kamar masu bin gawa.

Sai ya ce, "Au! Shi ya sa sitiyarin motocin Oga duk suke rawa? Kowane wata fa ana sa musu sabon birki, ko sun fita ko ba su fita ba." Ya gyara zama ya ce in ci gaba ya gani. Haka muka ƙarasa horon tare, yana ta cewa, "Taka! Saki, saki, Baba, kada ya yi tabo!"

Yau tsohuwa ta sauka gangaren lafiya lau, har da gyangyaɗi. A hanyar dawowa na tarar an gindaya ƙarfe a bakin titin Mai Girma. Abokina na jiya ya ɗago min hannu yana fara'a, ya ce Oga ya ji daɗin bayanina matuƙa, daga yau an keɓe titin don horar da birkin motocin kwamiti.

Tela, wanda ta nan yake bi zuwa shago, ya daina amsa gaisuwata. Ni kuma ina nan ina juya abin: na faɗi gaskiya, na tsira da mota, gari ya rasa titi. In kun sa sabon birki ku horar da shi, amma don Allah in hukuma ta tambaye ku me kuke yi, ku ce a buge kuke.