Sanarwar Rasuwar Ciyawar Arlen ta Titin Linden

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta maƙil, ni Marlys Odegaard, matar marigayi Arlen, nake sanar da dangi, da 'yan cocinmu, da mutanen Titin Linden masu leƙe ta bayan labule, rasuwar ciyawar ƙofar gidanmu. Ta cika ranar Talata da hantsi, a tsaye, lafiyarta lau, a hannun ma'aikatan hukumar gari.

Arlen ne ya kawo ta duniya. Shekarar da ya bar aikin jirgin ƙasa, ya riƙa bin gefen tsohon layin dogo yana cika aljihun kwat ɗinsa da ƙwayar irin ciyayi da furannin da suka rufe jihar Minnesota tun kafin kakanninmu su iso da garma. Wajen nan yanzu an malale shi da kwalta, motoci ke kwana a kai. Saboda haka duk ƙarshen kaka nake tsinke irinta in adana, don idan ya ɓace, babu inda zan sake samo abin da hannun mijina ya shuka.

Marigayiyar ba ta taɓa roƙon ruwan famfo ba, ba ta san taki ba, ba ta san magani ba. Da rani takan kai ƙirjin mutum, ta yi ado da rawaya da shuɗi, ƙudan zuma na zuuu a cikinta, malam-buɗe-littafi na sauka kan tumfafiyarta. Idan iska ta taso sai ta ce shuuu, da yamma gyare ya karɓe ta da tsirr-tsirr. Tun da Arlen ya tafi, muryar da nake shan kofin safe da ita ke nan.

Ciwon ajalinta kuwa sunansa Vern Kuchera, maƙwabcinmu na hannun dama. Bawan Allahn nan yana da ciyawa mai kama da darduma, wadda ko tururuwa ba ta iya rayuwa a kai. Aski sau biyu a mako, feshin guba duk wata. Na sha ganinsa, ƙato da furfura, ya durƙusa da wuƙar tebur yana yaƙi da fure ɗaya tak. Shi ne ya kai ƙara, wai marigayiyar na tara ɓeraye, wai tana karya darajar gidajen layin. Ɓera ɗaya na sani a layin nan, kuma yana da lasisin tuƙi.

Sai ga jami'in hukuma da sandar awo. Ya ce dokar gari ba ta yarda ciyawa ta wuce taƙi guda ba. Na ce masa wannan lambu ne, ya ce shi bai ga layi-layi ba. Na roƙe shi ya bar ni zuwa ƙarshen mako in tsinke irin, don ya nuna sarai. Ya dubi takalmansa ya ce, "Madam, ni aiko ni aka yi." Kashegari suka zo da injinsu suka kwantar da ita, suka bi saiwarta da feshi don kada ta tashi. Na yi kuka a bakin ƙofa, ban kuwa ɓoye ba.

Suna cikin loda gawar a mota za su kai juji, sai ga Vern. Ashe a makon ne ya farfasa ƙasar filinsa ya watsa sabon irin dardumarsa, kamar yadda masu irin cutarsa ke yi duk kaka, kuma sai an lulluɓe irin da tattakar ciyawa. Mutumin da ke wanke ledar burodi ya sake amfani da ita, ina zai sayi tattaka ga ta kyauta? Ya ce wa ma'aikatan su bar masa. Har ya juyo gare ni yana murmushi.

"Ba damuwa ko, Marlys? Ai gara ta yi wa wani amfani."

Na share hawayena na ce, "Ɗauka duka, Vern. Bari in aro maka baro."

Ya shimfiɗa ta daga bakin titi har gindin tagarsa, da kawunanta cike da iri, ya bi ya tattake. Safe da yamma yana ba ta ruwa. Irin nan kuwa, in ji Arlen, ba abin da yake so kamar sassauƙar ƙasa da dusar ƙanƙara ta kwana a kansa.

Marigayiyar ta bar ni, da ƙudan zuman da ke ta kewaya fili suna nemanta, da 'ya'ya dubbai da a yanzu suke hannun riƙo.

An riga an yi jana'iza, Mista Kuchera ne ya binne ta da hannunsa, Allah Ya saka masa daidai aikinsa. Za a karɓi gaisuwa ranar Lahadi a ɗakin ƙasa na coci, akwai kofi da gasasshen dankali da nama. Kada kowa ya kawo furen kanti. Taron tunawa kuwa sai watan Yuni, a bakin titi, daidai ƙofar gidan Vern. Kowa ya zo da kujerarsa. Sandar awo ni zan kawo.