Ranar da Fankar Muhsinu ta Zama Aikin Raya Ƙasa

Jama'a, yau da hantsi maƙwabcina Muhsinu, mai shagon haɗa bidiyon biki a bayan kasuwar tattasai ta Diffa, ya tsaya yana kallo aka ɗauki kwamfutarsa aka sa a bayan mota. Ba sata aka yi ba. Da sallama aka zo, har da gaisuwar Barebari, "wushe, wushe".

Bari in koma baya kaɗan. Tun shigowar bazara kwamfutar nan take suma. Ƙwaƙwalwarta mai kawuna takwas ce, kuma duk takwas ɗin aiki suke yi a tare, abin da ban taɓa gani ba a wani biro, wato ofis, mai mataimaka takwas. To, mai aiki shi ke zufa. Da Muhsinu ya ɗora mata bidiyon bikin 'yar Hajiya Jummai, sai ta yi ƙugi, ta yi huci, ta ɗauke. Ga shi dangin ango za su koma Maine-Sorowa ranar Juma'a, kuma Hajiya ta rantse ba za su tafi ba bidiyo ba.

Ya buɗe cikinta, ya tarar da 'yar fankar da ta zo da ita, ba ta fi murfin gwangwani ba, ta toshe da ƙurar tattasai. Ya hura, ya yi ta atishawa har masu wucewa suna yi masa sannu. Sai ya aika Damagaram aka kawo masa babbar fanka: tulin siraran farantan ƙarfe jere kamar bene, da bututun jan ƙarfe masu janye zafi, da fanka biyu gaba da baya. Ya goge tsohon man da ya bushe a kan ƙwaƙwalwar, ya ɗiga sabo kamar ƙwayar wake, ya ɗaure kusoshi kusurwa da kusurwa. Tsabar tsayinta murfin gefe ya ƙi rufuwa, ya bar shi a buɗe. Ya kunna. Shiru, sai iska mai laushi. Har hannu ya kai ya taɓa, kamar uwa tana duba goshin ɗa.

Ana cikin haka Mushe Ɗalha, wato Malam Ɗalha a bakin 'yan bokon Faransanci, ya leƙo yin fotokofi. Shi ne ɗan aiken Mai Girma Uban Kujera, shugaban wani kwamiti da ba zan faɗi sunansa ba, don ni ma ban san aikinsa ba. Su ma an ba su kwamfutoci, su ma suna suma. Mai Girma, Allah ya ƙara masa basira, ya kira taro, aka ci kaji, aka yanke shawarar sayen na'urar sanyaya ɗaki. Aka saya, aka kafa ta daidai saman kujerarsa, kwamfutocin kuma suna ɗakin baya wanda ba taga. Ga baƙi na zuwa yau su ga ci gaba.

Mushe Ɗalha ya ƙura wa fankar ido, ya ce, "Wannan ai ita ce ci gaban. Ara mana kwamfutar zuwa la'asar."

"Mushe, aiki ke kanta. Bikin mutane ne."

"Ai ƙasa ta fi biki, Muhsinu."

Motar na tashi Hajiya Jummai na isowa. Ta ji bayani, ta gyara mayafi.

"Ɗan nan, a can akwai wuta?"

"Hajiya, injinsu ba ya mutuwa."

"To mu nan ga shi yanzun nan aka ɗauke. Tashi mu bi ta."

Suka tarar an ɗora ta a tebur mai farin ƙyalle, an ɗaura mata jan zare a wuyan fanka. Muhsinu ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, in aka kunna haka zaren zai shiga cikin fanka." Mai Girma ya yi nazari mai zurfi, ya ba da umurni a mayar da zaren kan murfin da ba ya rufuwa. Da aka nemi wanda zai kunna, kowa ya dubi na kusa da shi. Haka Muhsinu ya zauna a kujerar ƙwararre, ya ɗora bidiyon Hajiya daga inda ya tsaya.

Baƙi suka shigo. Mai Girma ya yi jawabi a kan wannan fasaha da kwamitinsa ya daɗe yana bincike a kai. Wata baƙuwa ta zagayo bayan tebur, ta ga allo cike da mata suna rawa, ga ganga, ga algaita, ga Hajiya Jummai a tsakiya tana juyi.

"Su wane ne waɗannan?"

Mai Girma bai ko ƙifta ido ba.

"Al'ummar kwarin Komadugu ke nan, suna murnar ayyukanmu."

Baƙuwar ta dubi allo, ta dubi Hajiya da ke zaune a gefe, ta gane ta, ta kama hannunta tana tambayar wane aiki ne ya fi faranta mata rai.

Hajiya ta ce, "Wutar nan, 'yata. Allah ya sa kada a gama jawabi da wuri."

Aka yi tafi. Mai Girma ya ji daɗi ya ƙara jawabi, kawuna takwas na ta aiki, fanka na juyawa a hankali, har bidiyo ya kammala ba suma ko ɗaya. Hajiya ta karɓi abinta a ɗan makullin ajiya, wato filas, ta ƙulle a bakin zane.

Da la'asar aka maido kwamfuta, tare da takardar yabo mai kauri, da hatimi, da sunan Muhsinu an rubuta shi Muhusini. Yanzu haka ina hango shi a ƙofar shago, wuta ba ta dawo ba, yana fifita da takardar. Ya ce in gaya muku kwali ne mai kyau, yana kawo iska. Ni kuwa na ce kada a ƙara cewa manyanmu ba sa sanyaya wa talaka.