Ledojin da Iya Ta Tono

Duk Nasarawo an san Iya ba ta yar da leda, kuma ba ta taɓa ɓoye wa kowa ba. Ta kifi ce ko ta manja, sai ta wanke, ta shanya, ta ninke, ta cusa ƙarƙashin katifa. Shi ya sa ranar da ta je bayan ɗaki shuka yakuwa, fartanyarta ta ci karo da ledoji a binne, ba ta nemi shawarar kowa ba. Ta tone su tas.

Ranar Asabar da hantsi sai ga jikanta Mu'azzam, ɗan ajin ƙarshe a jami'a, ya shigo riƙe da ɗan ƙaramin sikeli, ya gaishe ta.

"Lafiya lau, angon da ba ya cefane," in ji Iya. "Wannan sikelin fa? Ƙwaƙwalwarka za a auna?"

"Ke zan ɗora, tsohuwa, in ga ko kin kai nauyin kaza. Aikina na zo tonowa. Jibi zan tsaya gaban malamai."

Ya zaga bayan ɗaki. Ba a jima ba ya dawo a guje, ba takalmi ɗaya.

"Iya! Wa ya tona wurin nan?"

"Mai gidan."

"Ina ledojina?"

Ta nuna igiyar shanya da baki. Ga baƙaƙen ledoji shida nan, fes da su, iska na kaɗawa.

"Innalillahi! Sha biyu na binne! Shida na kasuwa, shida waɗanda na haɗa da sitacin rogo. Sati shida ina jira ƙasa ta ci nawa, in auna abin da ya rage. Ai na faɗa miki!"

"Ka faɗa. Na ɗauka irin surutunka ne. Shekara huɗu kana jami'a, abin da ka koyo shi ne yi wa leda jana'iza?"

"Leda ce mai ruɓewa! Ƙananan halittun cikin ƙasa su cinye ta, ta koma taki. Ba irin naki ba, da za su toshe kwata har jikokin jikokinki."

"Oho. Rogon da za a dafa a ci da ƙuli, shi ka ba ƙasa. To ni ma ina da leda mai ruɓewa tun kafin a haifi ubanka. Ganye sunanta. Da shi muke ƙulla daddawa, ba wanda ya ba mu digiri."

"Ke da ledar kasuwa ai dangi ne. Shekara tamanin, ƙasa ta ƙi karɓa."

"Ta ɗanɗana kakanka ne ta ji ɗaci, take tsoron sauran gidan."

Bai yi dariya ba. Ya zauna a kan turmi, ya dafe kai.

"Iya, in ban kai awon nan jibi ba, sai na maimaita shekara. Wallahi ba wasa nake ba."

Tausayinsa ya kama Iya. Rabon da ta ga wuyansa ya langwaɓe haka tun yana fama da ƙyanda. Amma ba ta ga dalilin da zai sa ya sani ba.

"Kuka za ka yi? Bari in kawo maka zani."

Ta shiga ɗaki, ta fito da tire. Gwangwanayen tumatir shida ne a kai. Cikin kowane akwai ɗan tsumman leda duk huji, da tsinke mai lamba da Mu'azzam ya kafa a kan ramin.

Mu'azzam ya miƙe tsaye. "Ba ki zubar ba?"

"Ka taɓa ganin na zubar da leda? Ɗaya na gwada wankewa a gefe, ta fara zama koko a hannuna, na bari."

"Har kin raba su da lambobinsu!"

"Don in nuna wa uwarka abin kunyarka ɗaya bayan ɗaya."

Ya kakkaɓe wa ledar farko ƙasa, ya ɗora a sikeli, ya duba littafinsa. Sai ihu.

"Ƙasa ta ci fiye da rabi! Iya, ta yi!"

"Jama'a ku ji. Kayansa sun lalace yana murna."

"Na sallama, amarya. Shararki ta cece ni. Me zan kawo miki ranar Litinin? Tsire?"

"Da wane haƙorin?" Ta sauke ledojin nan shida daga igiya, ta fara ninkewa.

"Iya, su ma fa sai na auna su."

"Aro zan ba ka, ka dawo min da su a wanke. Kuma ka gaya wa malaman naku, in za a sake binnewa, gidana a buɗe yake. Amma don Allah a binne manya, masu mariƙi."