Namijin Farawla

Ni dillalin dabino ne a Madina, kuma duk wanda ya san dabino ya san ƙa'idarsa: mace ke yin 'ya'ya, namiji ɗaya kuwa ya ishi gona guda. Saboda haka da na hau saman gidanmu a unguwar Aziziyya na ga tukwanen farawlar daji, wadda Bature ke kira strawberry, da matata Rabi take raino tun shigowar sanyi, kallo ɗaya na gano matsalar. Biyu sun yi fure, sauran ganye zalla. Maza ne, suna shan ruwa a banza.

Na tumɓuke su, na bar ƙaƙƙarfa ɗaya a tsakiya, na tsaya ina jiran godiya.

Ta hawo da butar ban ruwa, ta yi turus.

"Alhaji, ina shukata?"

"Mazan na rage miki. Ɗaya ya isa."

"Mazan wa?"

Na yi mata bayani a nitse, yadda nake yi wa alhazai a shago. Ta ce, "Ya salam! To da me ka gane namijin?"

Na ɗaga ganyen, na leƙa sama da ƙasa. Wallahi ban ga komai ba. Na dai ce, "Ai ana ganewa."

Bayan 'yan makonni namijin nawa ya yi fure, ya zubo 'ya'ya jajaye fiye da matan duka. Har yau ban fahimci yadda aka yi ba.

Ita kuwa Rabi, duk baƙuwar da ta zo sai ta miƙa mata faranti ta ce, "Bismillah, ci. Namijin Alhaji ne ya haihu."